Kakin Mijin Gwaggo

Ni tela ce, kuma yawancin shekaruna a Zuru ankon biki na ɗinka, sai kayan zumuntar mata na coci-coci. Aikin fim sau ɗaya ya taɓa faɗo mini. Wasu matasa ne suka zo daga Birnin Kebbi da kyamara da surutu, za su yi fim a kan sojan da ya dawo gida bayan yaƙi, a zamanin da iyayenmu ke samartaka. Daraktansu ya shigo shagona yana fifita da hula, ya ce, "Madam, an ce ke ka iya ɗunkin da. Tufafi muka so waɗanda in tsoho ya gani, sai ya tuna budurwa tai."

Na ce masa ɗinkin da ba wuya, tsufar da shi ne aikin. Sabon yadi yana da ƙyalli, kyamara kuwa 'yar tonon asiri ce. Sai na jiƙa kaya a ruwan ganyen shayi, na buga su a dutse, na shanya a kan kwano rana ta cinye launin. Wuyan riga na goga masa man gyaɗa da toka. Duk inda zif yake na farke na sa maɓalli. Na bi kasuwar Mahuta da ta Bena ina roƙon tsofaffi zannuwan da suka daina ɗaurawa. Maƙwabtana suka fara kallona da gefen ido, wai mace ta ɗinka sabuwar riga da safe, da yamma tana jan ta a ƙasa.

Kakin sojan ne ya gagare ni. Na yanzu mai dabbare-dabbare ne, na da kuwa launi ɗaya. Hotuna kam ba a rasa su, kusan kowane gida a Zuru akwai soja rataye a bango yana harararka. Amma hoto ba ya nuna bayan riga, ba ya nuna yadda aka kama kafaɗa daga ciki. Wuri ɗaya na san zan ga ta gaske, wato ɗakin gwaggona a Dabai.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana amarya mijinta ya tafi yaƙi, bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, ba kuma wanda ya ce ya ga faɗuwarsa. A wurinmu in namiji ya mutu, bayan zaman makoki sai a raba tufafinsa ga 'yan'uwa, daga nan an sallame shi. Gwaggo ta ce a nuna mata kabari tukuna. Ba a yi makoki ba, ba a yi addu'a ba, ba a raba ko hula ba. Manema suka zo suka gaji. Rigar kaki ɗaya ya bari, ita kuma duk ƙarshen damina sai ta wanke ta, ta sa sitati, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta mayar akwatin ƙarfe. Wanda ya kuskura ya ce "marigayi" a gabanta, ranar bai ci tuwon gidan ba. Duk dangi mun san jiran nan ne ke riƙe da ita a tsaye, mahaifina ma har ya rasu yana gargaɗinmu kada mu taɓa mata shi.

Da na roƙe ta ta nuna mini rigar, sai ta ce, "Ki auna, amma ba ta hita ɗakin ga. In ya zo ya iske babu, mi zan ce mai?"

Ɗakin da sanyi, akwatin kuma a ƙarƙashin gado yake. Amma da na ɗauko rigar, ɗumi na ji a tafin hannuna, irin na rigar da aka tuɓe yanzu. Ƙarƙashin warin kafur akwai warin zufa a hammata, kuma ba tsohuwar zufa ba. Na ce wa kaina ai hancin tela ya cika sa ido, na yi awona da sauri na fito tsakar gida.

Da na gama ɗinka tawa, darakta ya juya ta gaba da baya ya taɓe baki. "Ta yi tsabta da yawa. Mutum daga yaƙi ya hito. Ki sa mai rauni."

Na ce, "A ina?"

Ya ce, "Duk inda kinka ga dama."

Na sa ƙusa a garwashi har ta yi ja. Kafaɗa na yi niyya, don nan kyamara za ta fi gani. Na shimfiɗa rigar a tebur, na ɗauko ƙusar da filaya, sai na ga hayaƙi yana tashi daga ƙasan aljihun dama, daidai haƙarƙari. Ban tuna lokacin da hannuna ya sauka can ba. Na yi tsaki, na haɗa ruwan zoɓo da goro da tsatsa na shafa a bakin hujin, ya bushe ya yi launin tsohon jini. Aikin ya yi kyau, har na ji daɗin kaina.

Matsalar ta zo ne wajen neman gidan da za a ɗauki dawowar sojan. Sun zaga gari, ko'ina wayar lantarki da kwano mai sheƙi. Wani ya kai su Dabai, suka ga gidan Gwaggo da rumbunansa da jinka da darni, suka ce sun samu. Na yi faɗa, na ce ko'ina ban da nan. Na je na gaya mata labarin fim ɗin tiryan-tiryan don ta ƙi. Ta yi dariya ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san wasan kwaikwayo, har share musu tsakar gida ta yi.

Ɗan wasan da zai fito a soja saurayi ne mai barkwanci, bai taɓa taka ƙasar Zuru ba, ko gaisuwa bai iya da harshenmu na C'lela ba. Ban auna shi ba, amma rigar ta zauna masa kamar don shi aka yanka. Yana ɓalla maɓallin ƙarshe barkwancin ya ɗauke. Na tsokane shi, bai amsa ba.

Rana tsaka ce, tarwai, babu ko gajimare. Aka tura shi can ƙasan hanya, tsakanin gonakin dawa, ya tako zuwa gida. Yarinyar da ke fitowa a matarsa tana bakin ƙofa tana jira. An ce masa ya zo da sauri yana murmushi. Sai ga shi yana tahowa a hankali, ya karkace dama, gwiwar hannunsa manne da haƙarƙari. Gwaggo na gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa. Na ji faifan hannunta ya faɗi.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar ruwa, ta wuce yarinyar kamar ba ta gan ta ba. Matar da ko a coci gwiwa ba ta barin ta durƙusa, ta durƙusa a gaban saurayin. Ta yi masa magana da C'lela, a hankali, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Darakta ya ɗaga hannu, amma ya kasa cewa a tsaya. Saurayin ya karɓi ƙwaryar ya shanye tas, ya sunkuya ya amsa mata. Ina kusa da su, kuma harshenmu na ji. Daga baya ya yi ta rantsuwa cewa "na gode" kawai ya ce.

Gwaggo ta miƙe ta gyara masa wuyan riga. Hannunta ya bi ƙirjinsa ya sauko, ya tsaya a kan hujin. Ta zura yatsa a ciki.

Ta ce, "Ashe nan ne." Ta juya ta shige ɗaki.

Saurayin ya tuɓe rigar yana rawar ɗari a cikin wannan rana, ya ce ko za a kore shi ba zai sake sa ta ba.

Washegari da safe aka aiko kirana. Na tarar an baje tabarmi, fasto na zaune, dangin mijinta da suka rage suna gefe. Akwatin ƙarfen yana tsakar gida a buɗe. Gwaggo ta lulluɓe kai tana karɓar gaisuwa, mafi yawan masu gaisuwar ko a hoto ba su san mutumin ba. A dare ɗaya ta koma ƙarama, kamar an zare mata ƙashin baya. Tausayi da tsoro suka rufe ni. Na rarrafa kusa da ita na raɗa mata, "Gwaggo, ki sa a mayar da akwatin nan. Ba shi ba ne, ɗan wasa ne. Ni na ɗinka rigar, ni na huda ta da ƙusa."

Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Ban haukace ba."

Ta kama hannuna ta kai shi ƙarƙashin mayafinta, ta danna a haƙarƙarinta na dama. "Tun damanar da sunka tahi, nan ka cizo na. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, ko ubanki." Ta dube ni ido cikin ido. "Ke wa ya gwada miki wurin?"

Ina nan durƙushe, sai wata mata ta iso ta ce Allah ya ba da haƙuri. Gwaggo ta saki hannuna, ta juya ta ce, "Amin, na gode," kamar kowace matar da mijinta ya mutu.