Uwar Sikeli

Shekara ashirin da shida tana shiga ɗaki ɗaya a ƙarshen barandar asibiti, ɗakin da ba shi da taga sai gilashin da ake miƙa takarda. Takan sa riga mai dogon hannu, safar hannu biyu-biyu da takunkumi, ta zauna ita kaɗai tana haɗa maganin ciwon daji. Ba mai leƙawa ya ce sannu. Ko wajen cin abinci, ma'aikata kan ja kujera nesa, wai hannunta da guba. Wannan jahilci ne, kuma masu takardun shaida ne suke yin sa.

Ni tela ne, ɗan karatuna a gindin keken ɗinki na yi shi. Na san matar nan ne da ƙanwata ta kamu da ciwon. Ranar ƙarin magani na huɗu, nas ta miƙa takardar likita, sai matar ta turo ta waje.

"A sake auna nauyin mara lafiyar."

Nas ta ce, "Haba Uwar Sikeli! An auna ta watan jiya."

"Ta watan jiya zan ba maganin, ko ta yau? Na gan ta da ta wuce, zobenta yawo yake a yatsa."

Ni kuwa raina ya ɓaci, tun safe muke jira. Na buga gilashin ina faɗa. Ta cire safarta, ta wanke hannu, ta fito.

"Malam tela, ba ni zaren nan na aljihunka."

Ta murɗa biyu wuri ɗaya, ta ce in ja in raba su. Ina ja, gaban zaren yana ƙara ƙullewa.

Ta ce, "Haka zaren halitta yake a cikin kowace ƙwayar jiki idan za ta rabu biyu. Akwai wani sinadari, ɗan uwanka ne a sana'a: ya yanke zaren, ya saki murɗin, ya sake haɗewa. Maganin nan yakan bari ya yanke, sai ya riƙe masa hannu. Ƙwayar daji ta fi kowa gaggawar rabuwa, ita ta fi mutuwa. Amma ƙwayoyin da ke yi wa ƙanwarka jini ma rabuwa suke. In na zarce, da ita zan yanke."

Aka hau da ƙanwata sikeli. Kilo tara ta zubar. Likita ya rage awon maganin, bai ko ɗaga kai ya dubi gilashin ba.

Makon jiya Uwar Sikeli ta yi ritaya. Ta fito da kofinta da takalmin aiki a leda, ba wanda ya raka ta ko bakin ƙofa. Ƙanwata tana raye, amma in sun haɗu a hanya ba za ta gane ta ba, don ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

Baiwar Allah, ke ce kika ɗauki baƙin jini don wasu su rayu. Ke ce aka yi wa suna don ba'a, ya zame miki lambar girma. Na buga miki gilashi, ban taɓa ba ki haƙuri ba. Ki yafe mini. Na gode, Allah ya saka miki.

Ku kuma masu aikin "ai an riga an duba", ku ji kunya, ku koya. Ni dai tun ranar ban ƙara yanka yadin kowa da tsohon awo ba.