Lomar Farko ta Goggo

Jiya ƙamshin man shanu ya tashi daga miyar kuka, sai na ajiye lomar tuwon. Goggo na tuna, yayar mahaifina.

Tana jin wasu muryoyi da mu ba ma ji, suna ce mata an zuba guba a abincinta. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, 'yan unguwa suka ce aljanu. Ba ta cin tuwo sai na kai lomar farko a gabanta. Takan zuba mini ido ta ce, "Yafe mini, 'yar nan. Na san ƙarya suke yi, amma sun ƙi yin shiru."

Da bikin yayana ya matso, Baba ya sa aka kai ta can ƙauyen Nasko wajen 'yan uwa, kada dangin amarya su ce muna da hauka a jini. Har kuka na yi ina roƙo a riƙa ɗanɗana mata. Loma ɗaya fa! Ba wanda ya yi. Sai su dire kwano a bakin ƙofa su juya.

A zaman makokinta bakinsu bai yi nauyi ba, wai "ta huta". Yunwa ce ta kashe ta, da kunyarmu.

Allah Ya ciyar da Goggo inda babu mai raɗa mata komai. Mu kuma, Ya tambaye mu.