Kututturen kabejin Yaya Bukar

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Malam Bukar mai lambu na Fagge. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan je maƙabarta in yi masa addu'a, in dawo gida ban ce wa kowa komai ba. Bana na ga ya kamata in rubuta, domin waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa, inda lambunsa yake kuma yau shaguna ne.

Kakanmu daga Barno ya zo ya zauna a Fagge. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana lambu a bakin rafin da ya ratsa tsakaninmu da Sabon Gari, kuma Yaya Bukar ne ya riƙe shi, da shi ya ciyar da mu, da shi na yi karatu. A shekarun 1950, lokacin da na fara aikin fassara da karanta sanarwa a gidan rediyo, shi kuma ya bar alayyafo da albasa ya koma noman kabeji.

Mai karatu na yau zai yi mamaki, amma a lokacin babu mai cin kabeji a unguwarmu. Innarmu ganyen Nasara take ce masa, ta kuma hana a dafa shi a tukunyarta saboda wari. Mai sayen kabejin Yaya mutum ɗaya ce: Mama Nkechi, wata 'yar ƙabilar Ibo mai rumfa a kasuwar Sabon Gari, wadda masu dafa wa Turawa abinci ke saye a wurinta. Idan ta juya masa baya, lambun ya mutu. Kowa a gidanmu ya san haka.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Irin kabeji a kanti ake sayensa, cikin 'yar takarda, daga ƙasar waje. Shi kuwa ya tashi ya ga mahaifinmu yana zaɓen zangarniya mafi kyau ya rataye ta don shukar baɗi. A wurinsa manomin da ba shi da irin kansa ɗan ƙwadago ne, ko da gonar tasa ce. Saboda haka wani rani ya zaɓi fangali biyu da suka fi kowanne kyau, ya kafa sanda ya ɗaura mata ƙyalle, ya ce kada wuƙa ta taɓa su. Zai bar su su yi fure, ya ɗebi iri.

Kirsimeti ta matso, Mama Nkechi ta zo da kwandunanta, ina wurin. Yaya ya yanka mata na sauran fangalin, ta nuna waɗancan biyun.

"Malam Bukar, waɗannan fa? Aure za ka yi musu?"

"Na iri ne, Madam."

"Iri! Mutane na jira a rumfata, kai kana jiran kabeji ya haihu. To ka kira ni ranar suna."

Ta tafi da rabin abin da ta zo nema. Ni kuma na je na tambayi wani malamin gona da ke kawo mana sanarwa. Ya ce kabeji ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsanani na tsawon watanni, irin wanda babu shi a Kano. Na kawo wa Yaya wannan bayani kalma da kalma. Ya saurara har na gama, ya ce latas na yin fure, albasa na yi, alayyafo na yi, don me wannan zai fi su girman kai? Ba wauta ba ce. Duk abin da ya sani na noma yana goya masa baya.

Zafi ya shigo. Kawunan suka tsattsage, suka fara ruɓewa daga ciki. Wasu ƙananan ƙwari masu fiffike ruwan toka suka yi sansani a kansu, suka zuba ƙwai, tsutsotsi koraye suka fito suka bazu cikin sabon dashe. Kafin mako biyu ganyen lambun ya zama kamar rariya. Mama Nkechi ta koma sayen wanda jirgin ƙasa ke kawowa daga Jos. Wani maƙwabci har ya fara yi wa Yaya maganar masu bugun tubali da ke neman fili.

Wata safiya sai ga Mama Nkechi, babu kwando. Ta ce ta zo ganin jariri. Ta toshe hanci ta wuce ruɓaɓɓun, ta tsaya a fangalin da aka yanka mata tun kafin Kirsimeti. Yaya bai sami zuciyar tumɓuke kututturan ba, ruwa kuma na isa gare su. Kowane kututture ya fitar da tsiro uku ko huɗu a jikinsa. Ta sunkuya ta ɓalle ɗaya, ta miƙa masa.

"A garinmu wa yake jiran rogo ya yi 'ya'ya kafin ya shuka? Ga irinka nan, kana taka shi kullum."

Ya daɗe yana juya tsiron a hannunsa. Sannan ya ce, "Madam, yau kin yi mini karatu."

A ranar ya tumɓuke ruɓaɓɓun ya ƙone. Shi da matarsa Ya Falmata suka riƙa tsince tsutsa da hannu kowace safiya, suna barbaɗa toka, suna yayyafa ruwan ganyen darbejiya. Ya dasa tsiron a inuwa. Da yawa sun mutu, wasu sun kama. Kawunan da suka yi ba su kai na farko girma ba, amma kamarsu ɗaya da uwarsu. Kwandon farko shi da kansa ya ɗauka har rumfarta, ya ce wannan na mai suna ne. Ta ci gaba da saye a wurinsa har shekarun da mutanen Sabon Gari da yawa suka bar Kano. Ba mu sake jin labarinta ba, kuma bai daina tambayar matafiya ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Kabeji ya shiga dambu, ya shiga kwaɗo, likitoci na cewa a ci don lafiyar ciki. Wannan zai sa shi dariya, ya tuna Inna. Irin da ake sayarwa a gwangwani kuwa mai aure ne, wato iri biyu aka haɗa aka samar da shi: ko da ya yi fure, 'ya'yansa ba za su yi kama da shi ba, dole a koma kanti. Wannan zai ɓata masa rai. Kabejin kasuwa da babu ko huji ɗaya a ganyensa shi zai fi damunsa, don zai tambaya me aka fesa masa, kuma yaushe.

Bai bar gida na biyu ba, bai bar sarauta ba, irin nasa ma ya tafi tare da lambun. Abin da na riƙe shi ne, har ya tsufa, shi yake ba da labarin nan da bakinsa, ba ya rage wautarsa, ba ya rage sunan matar da ta gyara shi. Na yi shekaru a gaban makirfo ina gyara maganar mutane, ban kai shi iya cewa "na yi kuskure" ba. Allah Ya jiƙansa, Ya saka masa da abin da ya yi mana. Ita ma, duk inda ta ƙare, na gode mata.

Ina da kabeji biyar a bayan gidana. Na yanke ɗaya makon jiya, na bar kututturen. Yau da safe na duba, ya fitar da tsiro uku.