Mai Buɗe Bakin Tanderu

Shekara talatin da huɗu Osvaldino Quaresma ya yi yana buɗe bakin tanderu a wata ƙaramar masana'antar narka tama da ke bayan garin Sete Lagoas. Ubansa ƙona gawayi ya yi a daji har tari ya kashe shi, shi kuwa sai ya koma inda ake cinye gawayin. Ta sama ake ɗura tama da gawayin itacen turare, iska mai zafi na hurawa ta gindi. Idan lokaci ya yi, sai Osvaldino ya ɗauki doguwar sandar ƙarfe ya huda yumɓun da ya toshe bakin, narkakken ƙarfe ya kwararo kamar kunu.

Kallo ɗaya yake yi masa ya san lafiyar tanderun. Launin ƙarfen da yadda tartsatsi ke tashi su ke gaya masa ko cikin ya yi zafi ko ya fara hucewa. Baƙin tabarau na kariya yana ɓoye launi, don haka kullum sai ya ɗaga shi ya duba da tsirarar ido. Abokin aikinsa Belarmino, wanda suka shekara ashirin suna cin wake da tuwon masara a inuwa ɗaya, yakan ce, "Kai dai wata rana idon nan zai soyu, mu ci da barkono."

"In ka samu haƙoran ci ba," in ji Osvaldino.

Ana nan sai ga wata mai bincike daga jami'a, Dokta Iracema, da kwamfuta da kyamara. Aikinta shi ne gwada hura iskar haidurojin cikin tanderu, don a rage gawayi da hayaƙi. Ta kafa kyamarar daidai bakin, ta roƙi Osvaldino ya riƙa faɗin abin da ya gani duk lokacin da ya buɗe, ita kuma tana rubutawa.

"Seu Osvaldino," in ji ta, da laƙabin girmamawa irin na can, "ta yaya kake ganewa?"

"Dokta, ke ta yaya kike gane fushin mahaifiyarki tun ba ta yi magana ba?"

Ta yi dariya, ta rubuta har wannan. Wata bakwai suna haka. Ya saba da ita, har matarsa Dona Zulmira takan ƙara ƙunshin abinci saboda ita.

Ranar wata Laraba da hantsi aka ƙara iskar, aka rage gawayi fiye da yadda aka taɓa yi. Osvaldino ya huda, ya duba. Ƙarfen ya yi kauri, jan nasa ya dushe.

"Dokta, cikin tanderun ya yi sanyi. A mayar da gawayi."

Ta duba kwamfuta, ma'aunai duk sun ce lafiya. Ta dube shi, ta sake duban allon, sannan ta je wurin manaja. Manajan ya ce gobe manyan baƙi za su zo ganin gwajin, ba zai tsayar da shi don wani tsoho ya ga launi ba. Ta dawo ta ce, "Mu ba shi awa biyu mu gani." Osvaldino ya jingine sandarsa.

Kafin la'asar ƙarfe ya daskare a gindin tanderun, bakin ya toshe kamar dutse. Kwana biyu suna ƙona hanya da bututun iska mai cin ƙarfe, mutum ya yi rabin awa ya ba wani. A rana ta biyu Osvaldino ya miƙa wa Belarmino bututun, ya koma gefe shan ruwa. Bai kai ƙasan kofin ba ya ji ƙara. Ashe akwai narkakken ƙarfe da ya taru a bayan daskararren, ya ɓalle gaba ɗaya. Belarmino ya juya zai gudu, ƙarfen ya cim masa a ƙafafu.

Kwana tara ya yi a asibiti. Osvaldino ya je kullum. A rana ta bakwai Belarmino ya buɗe ido ya ce, "Mutumina, ashe ni za a fara soyawa." A rana ta tara ya rasu, aka rufe shi.

Binciken bai tsaya ba. Daga baya aka gano ma'aunan suna makara da awa uku, kuma hotunan kyamara da bayanan Osvaldino su suka koya wa na'ura gane sanyin tun da wuri. Manyan kamfanoni suka karɓi aikin, suka kai shi sababbin tanderunsu, inda mutum ke zaune a ɗaki mai sanyi yana kallon allo. Ƙaramar masana'antar ba ta da ƙarfin wannan sauyi. Bayan shekara biyu aka kashe wutarta, aka sallami mutum ɗari da sittin.

A lokacin farar yana ta riga ta rufe idon Osvaldino na dama, na hagu ma sai dishi-dishi. Likita ya ce hasken wutar ne, ya sa sunansa a layin masu jiran tiyata.

Wata Lahadi Dokta Iracema ta zo gidansa. Dona Zulmira ta kawo kofin gahawa, ta ajiye da ƙarfi, ta koma ciki. Doktar ta ce an buga sakamakon binciken, sunansa na cikin waɗanda aka gode wa.

"Na Belarmino fa?"

Ta girgiza kai. Can ta ce, "Da na tsaya kai da fata ranar nan, Seu Osvaldino."

"Ni ma da na zauna a bakin na ce sai dai a ɗauke ni. Ban zauna ba." Ya lalubi kofinsa. "Abin yana aiki dai?"

"Yana aiki. Hayaƙin ya ragu sosai."

"To, madalla."

Da za ta tafi ya roƙe ta abu ɗaya. Matar Belarmino tana wankau a unguwar tashar jirgi, ta je ta gaya mata da bakinta yadda abin ya faru, don har yau kamfani bai aiko kowa ba. Ta ce za ta je. Ya sa Dona Zulmira ta rubuta mata kwatancen gidan a takarda, ya raka ta bakin ƙofa yana dafa bango.