Taki Goma Sha Huɗu

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har lambar gidan da na fara zama a Amurka sai na yi dogon tunani kafin ta zo, amma wannan ko na so in manta, gwiwoyina ba za su yarda ba. A shekarar da aka yi kusufin rana ne, lokacin da mutanen New York suka bar ayyukansu da rana tsaka suka cika tituna, kowa da tabarau na kwali yana kallon sama. Ni a ranar ina gindin wata doguwar matakala a Bronx ina ta istigfari, ga wani tsoho ɗan Indiya ya dafa kafaɗata yana ce mini in kwantar da hankalina, wata ne kawai ya gitta.

Aikina a lokacin kula da tsofaffi ne a gidajensu, shi kuma wannan dattijo shekara biyu ina tare da shi. Tsohon malamin lissafi ne, matarsa ta rasu, yana zaune da 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, a unguwar Mount Hope. Ina kiransa Baba. Shi kuma ya ji ana kirana Malam a waya, sai ya riƙe. Ba musulmi ba ne, amma da lokacin salla ya yi shi yake buga agogonsa da yatsa ya ce, “Malam, ana jiranka.”

A bazarar nan aka yi masa aikin gwiwa, yana tashi kuma ya kafe sai ya je garinsu ya yi kaka. Garin a kan dutse yake, can arewacin Indiya, irin garuruwan da Turawan mulki suka gina don gudun zafi. Ya ce da damina ta ɗauke hazo yake janyewa, sai ka ga kawunan duwatsu fari fat da ƙanƙara kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A lokacin ne kuma suke bikinsu na kunna fitilu. Yayarsa na can, ta haura tamanin, rabonsu da juna shekara goma sha ɗaya. Yana so su kunna fitila tare ko sau ɗaya ne, kuma dukanmu mun san abin da yake nufi da sau ɗaya.

Matsalar ita ce mota ba ta isa gidansu. A titi take ajiye ka, sauran kuwa ƙafarka. Tun 'yar tana ƙarama, in ta yi ƙorafin tafiya zuwa tashar bas, sai ya ce, “Ni taki ɗari biyu da goma sha biyu nake hawa, sau biyu kullum, da jakar littattafai a bayana.” Ta ji lambar nan har ta haddace ta. Don haka da ya tayar da maganar tafiya, ita ta ɗauko ta kafa masa.

Ta ce, “Ka hau ɗari biyu da sha biyu a nan, a rana ɗaya, da ƙafarka. Malam ne shaida. Ranar da ya ce ka hau, zan yanki tikiti biyu, naka da nasa.”

Haka na tsinci kaina a cikin tafiya Indiya ba tare da an tambaye ni ba.

Wanda bai san Bronx ba zai ɗauka a shimfiɗe take. Akwai wuraren da titi yake ƙarewa a gindin tudu, sai matakala ta ci gaba a madadinsa, da sunanta da fitilunta kamar kowane titi. Wadda ke kusa da mu taki ɗari da takwas ce. Sai mun hau, mun zagayo ta gangare a hankali, mun sake hawa, sannan lissafi zai cika. Ni nake ƙirga da carbina, kowane taki ƙwaya ɗaya, in mun dawo gida in rubuta a ɗan littafina da ajami, domin da shi hannuna ya saba tun ina yaro. 'Yar ta taɓa leƙawa ta ce, “Ban iya karanta wannan ba, amma mai irin wannan rubutu ba zai yi mini ƙarya ba.” Ta ɗauka duk abin da ke ciki addu'a ne. Ban gaya mata cewa a shafin da ke kallonsa albasa da man gyaɗa na rubuta ba.

Ranar farko taki ashirin da uku ya yi ya zauna. Bayan mako biyu ya kai sittin. Har mutanen unguwa suka san mu, wata mata mai sayar da mangwaro a gindin matakalar kullum sai ta tambaye ni nawa yau.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, tun kafin ya kai ɗari na gama sanar da duniya. A masallaci an san Malam zai tafi Indiya. Wani abokina ɗan Damagaram da ke da shago a Canal Street ya zaunar da ni ya ce, yana ɗan haɗawa da Faransancinsa, “Bon, Malam, saurara. Ni na ga wurin nan a fim ya fi sau hamsin. Ƙanƙara ce har ƙugu, mata na rawa a kai ba takalmi. Kai dai ka runtse ido.” Ya ɗauko wata ƙatuwar rigar sanyi, shi manto yake ce mata, ya ɗora mini kyauta, ya ce ni ne wakilinsu. Nauyinta kamar ka saɓa tunkiya. Baba ya gan ta ya yi dariya har da tari, ya ce sanyin kaka ne, ba yaƙi za mu ba, suwaita biyu da hula sun isa. Abin da ya ce in kiyaya shi ne birai, domin suna fizge tabarau daga fuskar mutum, ba sa mayarwa sai an ba su abinci.

Maiɗakina ta cika rabin akwati da yaji da kuli-kuli da garin kunu, tunda an ce gidan ba a cin nama. Ta so ta cusa kilishi a cikin safa, na hana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da liman ya gaya mini a can alƙibla yamma take. Mutumin da ya tashi yana fuskantar gabas tun yana ɗan shekara bakwai, a ce ya juya! Kwana uku ina gwadawa a zuciyata.

A ƙarshen Satumba Baba ya ce ya shirya. Hawan farko ya yi shi lafiya, har yana yi wa tattabaru tsawa. Muka zagayo, ya sha ruwa, muka sake kamawa. Wajen taki na saba'in na ji numfashinsa ya sauya. A na casa'in ya saki ƙarfen dafawa ya zauna daɓas. Na duba hannuna, carbin ya zagayo sau biyu cif. Ɗari da casa'in da takwas. Muka jira, ya yunƙura sau uku, gwiwar ta ƙi.

Ya ce, “Nawa ya rage?” Malamin lissafi ne, ya sani sarai.

Na ce, “Sha huɗu, Baba.”

Ya kalli rufin gidaje. Sannan ya rage murya ya ce, “Malam, rubuta ya cika. Ba ta iya karanta rubutunka ba. Taki sha huɗu, ko zuwa banɗaki ya fi haka. Ni ba ni da wata kakar da zan jira, yayata ma haka.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, alƙalamin ya yi nauyi a aljihuna. Na tuna yayarsa, na tuna manto, na tuna mutanen masallaci da za su ce, “A'a, Malam, har ka dawo?” Sannan na tuna idan ya zauna haka a can, babu bas, babu lifta, ni zan goya shi, kuma Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Har yau ban san wanne ya fi ƙarfi a zuciyata a ranar ba, tsoron Allah ko tsoron goyo. Ina fata na farkon ne. Na dai rubuta abin da carbi ya ce, kuma shi na faɗa wa 'yarsa da ta dawo daga aiki. Ta sunkuyar da kai ta ce gwiwar ta kumbura, babu sauran hawa sai bayan mako biyu, bikin kuma saura mako uku. Kowa ya gane an fasa.

Baba ya daina yi mini magana. In ba shi magani ya karɓa yana kallon bango. In yana son shayi sai ya gaya wa 'yarsa ta waya, ita ta kira ni, alhali ina zaune kusa da shi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne azahar ta yi, la'asar ta yi, bai buga agogo ba.

Kwana na huɗu na koma gida da yamma na kasa cin tuwo. Maiɗakina ta saurari labarin tun daga farko tana tsinke alayyafo, sai ta ce, “Malam, wai wa ya ƙirga matakalar can?”

Na ce, “Shi mana. A gidan aka haife shi.”

Ta ce, “To. Kai ba kai ne kake gaya wa yaran nan mil biyar kake takawa zuwa makarantar allo ba? Da muka je gida na ga makarantar. Daga zaurenku ana jin karatunsu.”

Na ce ai ta baya nake zagayawa. Ta ce, “Uhm.” Daga nan dai tuwon ya shiga.

Washegari da sassafe na sami 'yar kafin ta fita. Ta ce ita tana da shekara shida aka kai ta, kuma a kafaɗa aka hau da ita. Nan take ta kira can ta bidiyo, su yamma ce a wurinsu. Yayar Baba ta fito a waya, 'yar tsohuwa cikin mayafin ulu, hancinsu iri ɗaya. Aka ba surukarta wayar, ta tsaya a bakin ƙofa ta juya ta ƙasa, ta fara sauka a hankali. Ni ina teburin cin abinci a Bronx, duk takun silifas ɗinta ina jan ƙwaya ɗaya. Baba na kujerarsa ya buɗe jarida, wai ba ruwansa, amma jaridar ba ta motsi. Wajen taki na hamsin wani biri ya zo ya zauna a tsakiyar hanya, sai da aka jira ya ga dama. Carbi ya zagayo sau ɗaya. Na shiga na biyu, ban kai rabi ba sai ga kwalta, ga hon ɗin mota.

'Yar ta ce, “Malam?”

Na ce, “Ɗari da arba'in da bakwai.”

Da aka fassara wa tsohuwar, dariyarta ta cika wayar, ta ce tun yana yaro haka yake, kifin da ya kama a rafi ma kullum ƙara tsawo yake yi. 'Yar ta juya ta ce, “Baba! Shekara arba'in ina jin kunyar hawa bas saboda kai!” Ya sauke jaridar a hankali ya ce, “An gyara hanyar bayan tafiyata.” Aka ce ba a taɓa ko dutse ɗaya ba. Ya ce, “To ƙafafuna ne ƙanana a lokacin.” Na buɗe littafina na nuna inda ya wuce ɗari da arba'in da bakwai tun kwana goma sha biyu da suka gabata. A ranar aka yanki tikiti. Da azahar ta yi, na ji ƙwas ƙwas a kan gilashin agogo, bai dai kalle ni ba.

Ana jibi za mu tashi, akwatuna a ɗaure, manto a kai don abokina ya rantse sai ya ga hoto, Baba ya ce in kai shi matakala. Na ce babu sauran bukata. Ya ce, “Ni nake da bukata.” Muka zagaya ta gangare muka fito ta sama, muka sauko taki goma sha takwas zuwa daidai inda ya zauna rannan. Ya ce in fito da carbi. Ya hau a hankali, yana ƙirgawa da bakinsa ina ƙirgawa da hannuna, har goma sha huɗu. Ya tsaya ya miƙo mini hannu.

Ya ce, “Na nemi ka rubuta abin da ban taka ba. Ga su na taka. Yanzu rubuta, ka kuma yafe mini.”

Na ce, “Baba, amma sharaɗin a rana ɗaya ne.”

Ya ce, “Malam, kada ka sa in sake daina yi maka magana.”

Na rubuta. Littafin yana nan a wurina, ga ɗari da casa'in da takwas, ga sha huɗu a ƙarƙashinsa, ga jimla da hannunsa da lambobin boko, domin ya ce bai yarda da tarawata ba.

Mun je, sun kunna fitilarsu, na yi salla ina fuskantar yamma. A matakalar gidansu kuwa shi ya riga ni isa, ya tsaya a ƙofa yana tambayar ko a turo a goyo ni. Yayar ta rasu a shekarar da ta biyo baya, shi ma bai daɗe ba.

Abin da na koya shi ne, ranar da gaskiya ta rufe maka ƙofa, kada ka yi gaggawar neman ƙarya ta buɗe. Ka duba da kyau, wataƙila wata tsohuwar ƙarya ce ta sa sakatar. Tun daga lokacin kuma, idan jikokina suka tambaye ni nisan makarantarmu ta allo, sai na waiwaya na ga ko maiɗakina na kusa, sannan in ce a bayan gidanmu take.