Orville Tveit da Maɓallin Tagulla

Rana ba ta fitowa ta tarar da Orville Tveit a gida. Tun da jijjifi yake cika butar kofi, ya jefa rariya a bayan akori-kurarsa, ya nufi bakin kogin Missouri. Shi ne mai tankaɗe ƙasa a tawagarmu da ke neman inda matafiyan farko da suka ratsa yankin a zamanin da suka yada zango. Kuma ba zinariya muke nema ba, tsohon masai ne, domin mutanen nan sun sha ƙwayar wankin ciki mai zaiba, ita kuwa zaiba ba ta barin ƙasa.

Matarsa Darlene har yau ba ta huce ba. "Mazan mutane na gina gidaje, kai kana farautar bayan gidan matattu! Me zan ce wa matan coci?"

"Ce musu aikin tarihi ne."

Burinsa ɗaya, ya ga zangon nan kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A shekararsa ta ƙarshe a aikin sai ga tsohon maɓallin tagulla a rariyar wata abokiyar aikinsa. Shugabar tawaga, Dakta Pruitt, ta kurma ihu har hularta ta faɗi, don ta ɗauka na matafiyan nan ne. Aka kira 'yan jarida, aka ce sunan Orville za a sa wa wurin tunda shi ya zaɓi ramin. Gogan naku kuwa yana gefe, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando.

"Orv, taho a ɗau hoto mana! Me ka ƙanƙame haka?"

"Dakta, maɓallin nan nawa ne. Na kakana ne, Darlene ta ɗinka mini a wandon nan. Tun safe nake nemansa."

"Haba Orv! Ka tabbata?"

"In na saki hannu ke ma za ki tabbata."

Mun yi dariya har da hawaye, amma wallahi ni tausayi ya kama ni. Da ka yi shiru, Orville, babu mai sani, da yanzu sunanka na kan allo a bakin titi. Kai ne ka zaɓi a yi maka dariya a kan a yi wa tarihi ƙarya.

Ga shi ka ajiye aiki ba ka ga zangon ba. Mun gode, dattijo. Masu tasowa ku yi koyi da shi: in abin da kuka tono naku ne, ku faɗa, ko da kuwa wando zai faɗi a gaban 'yan jarida.