Auren Mangwaro da Ciwon Baba

Babanmu manomi ne, amma a Kontagora an fi saninsa da aurar da mangwaro. Yakan yanko reshen mai zaƙi, ya tsaga ɗan itacen gida, ya cusa, ya ɗaure da leda. Har daga Ibeto ake zuwa ɗaukarsa a babur. Ga shi da tsiya, in reshe ya ƙi kamawa sai ya ce dangin ango ne ba su da kirki.

Da cikinsa ya fara kumbura ta hagu, ga kasala, ni na raka shi babban asibiti. Aka ce sankarar jini ce. Likitar ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce wasu ƙwayoyin gado biyu ne a cikin jininsa suka karye suka manne da juna, haɗin kuma yake ta ba jini umarnin ya yi ta ƙaruwa, babu tsayawa. Akwai maganin da zai riƙa sha kullum ya toshe umarnin.

Duk dogon bayanin nan, kalma ɗaya Baba ya ɗauko: gado. Muka dawo gida ya daina tsokanar kowa. Sai ya zauna yana bin jikokinsa da ido, yaro ya yi hamma ya ce a taɓa cikinsa. Na yi bayani har bakina ya gaji, a banza. Wannan shirun ya fi ciwon tayar mini da hankali.

Da muka koma asibiti, bai ko gama zama ba ya ce da likitar, "'Yata, gaya mini gaskiya. Na ba yaran nan?"

Ta ce, "A'a, Baba. Ba a haife ka da shi ba. Daga baya ƙwayoyin suka haɗu, kuma a jininka kaɗai."

Sai Baba ya ce, "Ashe aure ne. Ai mangwaro mai aure in ka shuka ƙwallonsa, ɗan gida ne ke fitowa."

A motar dawowa ya sayi rake, ya fara yi mini tsiya wai da hancina ma za a iya sare shi. Ya yi shekaru yana shan maganinsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Har yau ban ji zagin da ya yi mini daɗi kamar na ranar nan ba.